Ɗigo a Tsakiyar Madubi

Wiebke Lührs ta sake haska madubin da fitila, karo na goma sha ɗaya tun safe. Ɗigon na nan a tsakiya, baƙi, bai kai ƙwayar gero ba.

Shekara biyu aka yi ana goge wannan madubi mai nauyin kilo arba'in. Yau da la'asar za a ɗauke shi daga ɗakin gwajinsu da ke bayan garin Hannover, a rataye shi a ƙarshen bututu mai tsawon kilomita uku, inda siririn haske mai ƙarfi, wato leza, ke kai-komo yana sauraren girgizar da ke zuwa daga can ƙuryar samaniya. Ɗigo ɗaya ya isa. Zai sha zafin hasken, fuskar madubin ta kumbura, hasken ya tarwatse, na'urar ta kurumce.

"Awo uku muka yi, duk sun ce lafiyarsa lau," in ji Henning, abokin aikinta. "Don girman Allah ki sa hannu. Mai mota na waje."

"Na bara ma haka awon ya ce. Wa ya gano tabon?"

"Ke ce."

"To yi min shiru."

Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa fitar da madubi ba sai ta duba. Gajiya ce dai ta yi mata yawa kwanan nan. Jiya ta tsiyaya shayi a gefen kofi, ta kuma tsallake layi guda a takardar awo.

Ta wanke madubin. Ta canza fitila. Ta sa aka juya shi, ɗigon bai gusa ba. Gumi ya jiƙa ta cikin farar rigar aiki. Abu ɗaya ya rage: a kankare shafen fuskarsa gaba ɗaya, a sake shafa wani daga farko. Wata takwas ke nan, masu bincike ɗari huɗu na zaman jiran madubin.

Ta ɗauko takardar umarnin kankarewa. Henning ya sha gabanta, ya tare madubin da bayansa.

"Nuna min shi sau ɗaya kawai. In na gani, ni zan fara sa hannu."

"Matsa, Henning."

"Ba zan matsa ba."

Ta ɗago kai a fusace, ta dube shi ido cikin ido.

Ɗigon na nan, baƙi, a tsakiyar fuskar Henning. Ashe a idonta yake.