Tukunyar Asabar

"Ba ni da lokacin koya wa kowa girki," na ce wa matar da ta bugo waya. "Auduga na jirana a gona."

Ba ta ji haushi ba. Bayahudiya ce, daga ƙasar waje take kira, amma Larabcinta na Sudan ne. Mahaifiyata Inna ta yi aiki a gidan kakarta a nan garin Madani tun tana budurwa, kafin danginsu su bar ƙasar. Yanzu ƙungiyarsu ta buɗe wa jikoki ajin girki, sai dai abincin da kakar ke yi don Asabar, ranar da ba sa hura wuta, ya ɓace musu, shi ya sa take neman Inna.

Ni kuwa shi ya ishe ni. Tun ina yarinya, duk Juma'a sai Inna ta haɗa alkama da nama da ƙwai da ɓawonsa, ta liƙe bakin tukunya da ƙullu, ta bar ta kan garwashi ta kwana. Maƙwabta na tsegumi, gawayi na ƙarewa. Da hannunta ya fara rawa, aikin ya dawo kaina. Na rantse ranar da ta rufe ido zan fasa tukunyar nan.

"Inna ta rasu bara," na ce. "Halas, zance ya ƙare."

"Allah ya ji ƙanta. To za mu gwada da kanmu, mu tafasa kamar sa'a biyu..."

"Sa'a biyu? Kuna da hankali kuwa? Ko ƙwan bai yi ja ba!"

Yanzu duk Juma'a da la'asar ina daka wa matan da ban taɓa gani ba tsawa ta waya su rage wuta, tukunyar Inna na gabana a kan garwashi.