Ruwan Farko da Yaya Sallau

Saura kaɗan Hansatu ta fasa tambayar, don mata sun cika bakin rijiya. Amma na'urar da aka kafa a wurin ita kaɗai ta san abubuwan da ke tafiya tare, da ranar da suka rabu.

Ta matsa ta yi ƙasa da murya. "Yayana Sallau fa? Kullum da ruwan farko yake dawowa daga ci-rani."

"Tun bara ya daina bin ruwa," in ji na'urar. "Yanzu barcinsa da tashinsa suna bin kukan wani jariri."

"Ke Hansatu, ashe kin zama gwaggo!" in ji Inna Kande, da ke ɗiban ruwa kusa da ita, tana dariya.

Washegari Hansatu ta shuka wa Sallau geronsa ita kaɗai, sannan ta zauna saƙa 'yar hula.