Ta Hannun Mai Shayi, Tashar Agege

Malam Luka ya jingine kekensa a gindin ɗorawar bayan coci, ya zazzage jakar wasiƙu a ƙasa, ya kife su duka. Ba ya duba gaban ambulan. Bayanta yake dubawa, inda mai aikowa ke sa adireshinsa. Duk wadda ya ga "Ta hannun Mai Shayi, Tashar Agege" a jikinta, gefe guda take zuwa, gefen ashana.

Mutanen unguwarsu a Ƙarfi ne suka ɗora masa aikin. Akwatin gidan waya ɗaya suke da shi a Malumfashi, na coci, kuma kowa da shi yake amfani, Kirista da Musulmi har da Maguzawan tsallaken rafi. Luka ke riƙe da makulli, shi ke karanta wa wanda bai yi boko ba.

A shekarar da aka canja kuɗi wasiƙun suka fara zuwa, bugun tafireta tsaf. Yau wani likita ne mai zoben da ke ninka amfanin gona, gobe wani kamfani ne da ka ci gasarsa ba tare da ka shiga ba. Kai dai aiko kuɗin sufuri. Labo, mutumin da ko goro sai ya taya kafin ya saya, ya sayar da bijimin huɗarsa ya aika. Har yau zoben yana hanya.

Sunan mai aikowa kullum sabo ne, adireshin kuwa bai taɓa canjawa ba. Shitu direba, mai kai masara Ikko, ya ce ya san wurin. Wani akwatin katako ne mai shayi ya kafe a jikin rumfarsa, kyauta, duk ɗan ci-ranin da ba shi da wurin kwana nan yake karɓar saƙo. Luka ya ce to, magana ta ƙare. Mai gaskiya yana da ƙofar gida. Wanda ya raɓe a akwatin kowa da kowa, wuta ce amsarsa.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sunayen da ke gaban wasiƙun ne suka hana unguwa sukuni. Guda ta zo da sunan Baturiya, matar Labo, wadda ciyawa ta daɗe da rufe kabarinta. Wata ta zo wa Mamuda maƙeri da laƙabin da kakarsa kaɗai ke kiransa da shi. Amaren da aka kawo kwanan nan ko ɗaya ba ta taɓa samu ba, amma matattu ba a yi musu fashi.

Labo ya yanka jan zakara a gindin tsamiya. Luka ya bi shi har gida ya yi masa wa'azi mai zafi. Ranar da ya ciro wadda ke ɗauke da sunan ƙanensa, wanda shi da kansa ya saka a rami, tsoro ya kama shi sosai. Tun daga nan bai ƙara kallon fuskar wasiƙar Agege ba. A kife yake tara su, a kife yake ƙona su.

A gidan Luka kuma wani jiran ake yi. Ɗansu na fari, Yunis, ya tafi neman aikin masaƙa a Kaduna bayan sun sami saɓani da uban a kan gona, shekaru ke nan shiru kake ji. Roda, uwarsa, ba ta faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari. Duk ranar da mijinta ya dawo daga Malumfashi sai ta tare shi a bakin zaure ta dubi jakar.

"Babu?"

"Babu, Roda."

Ya rubuta wa fastocin Kaduna, ya yi cigiya a wurin 'yan tasha. Da tari ya kwantar da ita sai ta koma tambayar daga kan tabarma, daga baya da ido kawai. Ba ta son magani, ba ta son asibiti. So take ta ji yaron nan yana raye kafin ta tafi.

Baƙin cikin gida ya haɗu da haushin wasiƙun. Luka ya tare Shitu a tasha ya roƙe shi, in ya sauke kaya, ya zauna wurin mai shayin nan ko wuni ne, ya gano masa fuskar marar tsoron Allahn da ya san matattunsu.

Roda ba ta kai yankan dawa ba.

Ana cikin zaman makoki Shitu ya iso, ko gidansa bai biya ba. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ja Luka bayan rumbu. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

"Malam, na gan shi. Ya rame ƙwarai. Da ya gane ni gudu ya so yi, na riƙe shi. Bai yi musu ba, ya ce yunwa ce da kunyar dawowa hannu wofi."

"Ɗan gidan wane ne?"

Shitu ya dubi ƙofar ɗakin da aka fitar da gawa, ya sunkuyar da kai.

"Ya ce duk wata yakan saka guda a cikinsu wadda ba ta neman ko kwabo, ta innarsa Roda, yana roƙon ta ce masa ya dawo gida, kuma har yau amsa yake jira."