Kabad Mai Ƙamshin Wata

Shekara biyu muka yi a ɗakin haya a Mafoni bayan mun gudo daga ƙauyenmu, amma Inna ba ta yarda an kwance kayanmu daga buhuna ba. Kullum cewa take gida za mu koma.

Ran nan da la'asar sai ga mai amalanke da tsohuwar kabad ta gwanjo, ƙafarta ɗaya a gutsure. Inna ta tokare ta da dutse. Ina buɗe murfin, ƙamshin turaren wuta ya buge ni, irin wanda ya daɗe da kama katako.

Na ce, "Inna, ƙamshin wata mata take yi. In kawo sabulu in wanke?"

Ta shafa katakon ta ce, "Bar shi, 'yar nan. Mu ma namu yana can ɗakin da muka baro, ba zan so a wanke ba."

Sannan ta jawo buhun farko ta kwance bakinsa, tana jera kwanuka ba ta kalle ni ba. Ni kuwa sai tsalle nake mun samu kabad. Sai da na girma na gane a ranar ta haƙura da komawa.