Tafin Hannun Malam Tukur

Tun da aka kafa dokar cewa na'ura ba za ta ƙara sakin manhaja ita kaɗai ba, sai mutum biyu masu rai sun ɗora tafin hannu a kan gilashi ɗaya, Bara'atu ke ta zumuɗi. Shekara da shekaru suna aikin manhajar kyauta mai kunna famfunan ƙauyuka ita da Malam Tukur, amma ko muryarsa ba ta taɓa ji ba, sai dai saƙo. Yau za ta gan shi ido da ido!

Ta ci ado, ta ƙunsa masa dambun nama tsaraba, ta hau motar Zariya tana ta murmushi.

Da ta isa gidansa, wata dattijuwa ce ta amsa sallamarta.

"Mama, wurin Malam Tukur na zo. Yau za mu saki sabon aiki."

Dattijuwar ta daɗe tana kallon ƙunshin.

"'Yar nan, ai Tukur tun bara waccan Allah ya yi masa rasuwa. Kwamfutarsa ce dai ya ce kar a kashe, tana nan tana ta aikinsa ita kaɗai."

Wayar Bara'atu ta yi ƙara. Saƙon Tukur ne: "Kin iso? Shigo mana, ki ara mini hannu ɗaya cikin naki biyu."