Bunsuru Mai Tabarau

"Ni na zana wannan," in ji Ilyasu, yana nuna bango da makullin motonsa, wato babur.

Ƙarya yake yi. Yau ya fara taka wannan unguwa ta Magarya, inda samari masu zane suka cika bangaye da launi. Daga garin Waca ya zo takanas don ya burge Hamdiyya, wadda suka daɗe suna hira ta waya.

Zanen na wani ƙaton bunsuru ne da tabarau da doguwar hula, haƙori ɗaya a waje, yana hararar masu wucewa.

"Kai da hannunka?" Hamdiyya ta tambaya.

"Da hannuna mana. Ki jira ki ga wanda zan ƙara."

Ta riƙe hannun rigarsa gam. Ilyasu ya ɗauka so ne ya kama ta.

Sai ta leƙa zauren gidansu, ta ɗaga murya: "Baba! Fito, ga wanda kake nema tun salla!"

Wani dattijo ya fito da tabarau da doguwar hula, haƙori ɗaya a waje. Ya dubi Ilyasu, ya gyara riƙon sandarsa.

"Sannu da aiki, ɗana."