Lahadin da Kangwa Ya Zama Salihi

Kangwa yana cikin ɗaure tsirkiyar gitarsa saƙon Bupe ya shigo: "Gida sun ji ƙishin-ƙishin a mashaya kake kiɗa. An ce yau za a zo a gani. Don Allah ka kama kanka."

Sati biyu ke nan da danginsa suka kai kwanukan neman aure gidan su Bupe, a rufe, a ɗaure cikin zane, har yau ba a ce an karɓa ba. In aka dawo da su yadda suke, magana ta mutu. Ga shi wanda ya kai su, garin neman gyara, ya ce wa mutanen a coci yaron yake kiɗa. Cocin kuwa ita ce mashayar Ba Chileshe da ke bayan kasuwar garin Kitwe, inda kowace Lahadi da la'asar shi da abokansa uku suke rera waƙoƙin mutane, wasu ko ma'anarsu ba su sani ba. A nan kowa Yatsu yake ce masa.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna wata mata mai ɗankwali ruwan ɗorawa ta shigo, ta kama teburin gaba, ta sa a kawo mata soyayyen kifi. A bayanta wani tsoho ya biyo, da kwat, da malafa, fuska a murtuke. Ya zauna dab da ƙofa, ya ajiye makullai a tebur, ya ce lemo kawai zai sha.

Kangwa ya raɗa wa Lombe mai ganga: "Shi ne. Kawun Bupe ne, na rantse. Dubi yadda yake kallon kwalabe."

Lombe ya ce, "To me za mu yi?"

"Waƙar coci."

Haka aka yi. Mutanen da suka zo girgiza jiki da kiɗan rumba na Kwango suka ji an saki wata waƙa mai sanyin jiki irin ta rakiyar gawa. Wani ya sauke kwalbarsa ƙarƙashin tebur. Wani ya cire hula. Mai mashayar, Ba Chileshe, yana bayan kanta yana nuna wa Kangwa wuyansa da yatsa, alamar yanka. Shi kuwa gogan ya lumshe ido, ya langaɓe kai, sai ka rantse bai taɓa jin warin giya ba.

A waƙa ta uku matar nan ta buga tebur.

"Kai, Kangwa! Wa ya mutu? An ce mini kana sa gita ta yi magana. Wannan ai kuka take yi!"

Wuri ya ɗauki shewa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don duk abin da za ka ce wa Kangwa zai shanye, ban da ka ce bai iya ba. Ya saci kallon ƙofa. Tsohon ya duba agogo, ya yi tsaki, ya kwashi makullansa ya fita.

Kai, jama'a! Ko ƙofar ba ta gama rufuwa ba Kangwa ya ce, "Lombe, sake ta!"

Gita ta yi magana kuwa. Ya kaɗa ta a ƙirji, ya kaɗa ta a bayan ƙeya, ya kaɗa ta da haƙori. Kujeru suka koma jikin bango. Matar ta ɗaure zane a ƙugu ta shigo fili, kuma ashe gwana ce. Kangwa ya diro daga dandamali, suka gwada ƙugu da ƙugu, ya kama hannunta ya juya ta sau biyu. Ta manna masa takardar kuɗi ta kwaca a goshi. Daɗi ya kwashe shi, ya jawo abin magana.

"Mama, da ba don na riga na yi alkawari ba, ke zan aura!"

Ta ce, "Wace mai sa'a ce ta riga ni?"

"Wata 'yar zinariya. Uwarta ce kawai matsala."

"Ka san ta ne?"

"Ban taɓa ganinta ba, can garin Mansa take. Amma an ce ko kare ba ya haushi a gidan sai ta ba shi izini. Gara ma da al'ada ta hana suruki haɗa ido da ita, balle ya taɓa ta. Na huta!"

Matar ta yi dariya har da share hawaye.

Ana cikin haka sai ga malafa a bakin ƙofa. Kangwa ya ɓalle kuɗin daga goshinsa, ya koma waƙar coci a tsakiyar rumba. Lombe ya yar da sandunansa ya ce shi ya gaji, a tafi hutu.

Kangwa ya goge gumi, ya gyara wuyan riga, ya taka har gaban tsohon. Ya durƙusa a kan siminti, cikin murafen kwalabe, ya tafa hannu a hankali kamar yadda ake gaida manya, idonsa a ƙasa.

"Baba, barka da zuwa. Kamar dai yadda kuka gani, ni nan wa'azi nake yi musu da kiɗa."

Tsohon ya dube shi kamar ya ga mahaukaci.

"Samari, matsa min, ni tasi nake ja." Sannan ya ɗaga murya ta saman kansa, ya nufi teburin gaba. "Maman Bupe, in kin gama ganin surukin naki, mu tafi, na bar mota a kan hanya."